Yadda ake sa ma'aikata su yi aiki da dashbod ɗin hango lalacewar inji

Duk wanda ya yi aiki a masana'anta a Sharada ko Challawa ko Bompai ya san yadda abin yake, inji yana tafiya lafiya lau da safe, kafin la'asar boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji take juyawa a cikinsa, ya kama ko bel ya tsinke, a tsayar da layi gaba ɗaya ana ta kiran makaniki a waya shi kuma yana can cikin kasuwa yana neman kayan gyara. Yanzu wasu masu kamfani sun fara sayen ƙananan sansa da ake liƙawa a jikin inji, su riƙa aiko da karatun jijjiga da zafi da amfiya, wato yawan wutar da injin yake ja, zuwa wani allo a kwamfuta ko a waya, shi ne dashbod ɗin, domin a hango matsala tun tana ƙarama a gyara ta a lokacin da aka ga dama. Abin yana aiki, wallahi yana aiki. Amma sau da yawa sai a kashe kuɗi a kafa shi, bayan 'yan watanni kuma babu mai buɗe shi, saboda mutanen da suke tsaye a gaban injin kullum ba a shigo da su ciki ba tun farko. Wannan shi ne abin da yake damuna, shi ya sa zan bi abin daki-daki, kuma zan ɗauki kamfanin casar shinkafa a matsayin misali tunda muna da su da yawa a Kano da Jigawa da Kebbi, amma mai kamfanin roba ko na matsar mai ma zai ga nasa a ciki.

Da farko kada a fara da sayen sansa

A fara da zama. Injiniyan gyara ya tara ofaretoci na kowane duti da makanikai da masu lantarki da mai kula da sito, a yi tambaya ɗaya, wane inji ne idan ya tsaya kowa ya tsaya? A kamfanin shinkafa amsar ba ta da wuya, kwamfaresan da yake ba injin tsince shinkafa iska, idan ya mutu babu tsinta babu zubawa a buhu, sai bulowar da take zuƙe buntu, sai babban moton injin goge shinkafa, da giyabos ɗin elebeta mai ɗaukar shanshera sama, da famfon da yake ba boila ruwa idan ana turara. A ɗauko littafin duti na bara da takardun sito a duba me aka fi canzawa, a ina aka fi ɓata awanni. Inji biyar zuwa goma sun isa a fara da su. Masu sayar da kayan nan za su so ka liƙa wa komai har fankar ofis, kada ka yarda, mutane ba za su iya bin inji hamsin a rana ɗaya ba alhali ko ɗaya ba su saba karantawa ba.

A wannan zaman ne kuma ake gaya wa mutane dalili, saboda dole wani zai ce ai muna yin sabis duk wata, me kuma ake nema. Amsar tana nan tun 1978, lokacin da wasu injiniyoyin kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka, Nowlan da Heap, suka fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan kashi 89 cikin 100 na kayayyakin da suka bincika lalacewarsu ba ta bin tsufa, wato kalanda ba za ta gaya maka ranar da za su mutu ba. Abin da zai gaya maka shi ne halin da injin yake ciki yau, kuma boris kafin ya kama yakan yi makonni wani lokaci watanni yana ba da alama a jijjiga, daga baya ya fara ƙara da kunne zai ji, sai can a ƙarshe ya yi zafin da hannu zai ji. Idan har ka taɓa ka ji zafi rau to lokaci ya kusa ƙurewa. Dashbod ɗin wannan tazarar yake saya maka.

Liƙa sansa, kuma makanikin gida ne zai liƙa

Ko sansan na kamfanin SKF ne ko na ABB ko na Siemens ko wani na China mai sauƙin kuɗi, ƙa'idar ɗaya ce. A kashe inji, a sa kwaɗo a suwic, mai aikin ya sa makullin a aljihunsa, wannan ba a wasa da shi. A goge wurin tas a kankare fenti da tsatsa, a ɗaura sansa a kan gidan boris ɗin kansa, ƙarfe mai kauri, kusa da inda nauyi yake sauka. Kada a liƙa a kan murfin fankar moto ko a kan gwangwanin da ya rufe bel, waɗannan rawa suke yi da kansu za su yi ta ba ka karatun ƙarya. Ɗauri da noti ya fi gam, gam ya fi maganaɗisu, maganaɗisu na gwajin ɗan lokaci ne. Sannan a tabbatar sigina yana kaiwa, domin bangon kwano da tankunan ƙarfe suna tare shi.

Dalilin da ya sa na ce makanikin gida, wanda ya ɗaura abu da hannunsa ya san inda yake, idan karatu ya haukace shi zai fara cewa bari in duba ko sansan ne ya kwance. Kuma a sa wa injinan sunan da ake kiran su da shi a wurin. Idan kowa yana cewa tsohuwar bulowa to a rubuta tsohuwar bulowa a dashbod, a ƙara lambar a gefe, ofareta da ƙarfe biyun dare ba zai tsaya tunanin wane ne BL-02 ba.

A bar shi ya koyi lafiyar injin tukuna

Sati biyu zuwa huɗu na farko ba a yanke hukunci da komai, ana dai tara karatu ne a san yadda kowane inji yake idan lafiyarsa ƙalau, domin moto biyu iri ɗaya da aka saya rana ɗaya ba sa jijjiga iri ɗaya, ya danganta da daɓen da aka zaunar da su. A nan ofareta yake da babban aiki, ya riƙa rubuta yanayi. Ƙarfe nawa aka ɗauke wuta aka koma jenareto, domin idan jenareto bai riƙe 50 Hz, wato kaɗawar wuta sau 50 a daƙiƙa, daidai ba gudun moto yana canzawa karatun ma ya canza. Yaushe aka sa shanshera mai danshi wadda take sa injin jan amfiya da yawa. Yaushe injin yake juyawa babu kaya. Sannan a tuna da yanayinmu, karatun zafin da aka ɗauka a Disamba cikin hunturu ba zai zama ma'auni a Afrilu ba lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, shi ya sa ya fi kyau a riƙa duba tazarar da ke tsakanin zafin boris da zafin ɗakin. Idan aka tsallake wannan matakin duk abin da zai biyo baya a kan iska aka gina shi.

Karanta allon

To nan ne ya kamata a daɗe. Yawancin dashbod launi uku suke nunawa, kore da ruwan ɗorawa da ja, a ƙasa kuma lamba da zanen layi mai tafiya da kwanaki. Jijjiga ana auna ta da mm/s, wato milimita a daƙiƙa. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 10816-3, wadda ISO 20816-3 ta maye gurbinta, ta ce matsakaicin inji daga 15 kW zuwa 300 kW da yake zaune a kan ƙaƙƙarfan daɓe, ƙasa da 1.4 kamar sabo yake, har zuwa 2.8 ana iya aiki da shi babu damuwa, tsakanin 2.8 da 4.5 a shirya gyara kada a bar shi haka na dogon lokaci, sama da 4.5 kuma yana iya yin ɓarna. Manyan da suka wuce 300 kW iyakokinsu 2.3 da 4.5 da 7.1 ne. A buga wannan a takarda a liƙa kusa da allon.

Amma abin da nake so kowane ofareta ya riƙe, layin ya fi lambar muhimmanci. Injin da shekara guda yana kan 3.0 bai motsa ba ya fi kwantar da hankali a kan wanda yake 1.2 satin da ya wuce yau ya kai 2.4, duk da cewa na biyun har yanzu kore yake nunawa. Wanda ya ninka cikin kwana bakwai akwai abin da yake faruwa a cikinsa. Saboda haka a koya wa mutane su daina kallon yau kaɗai, su danna su ga kwana 30, su tambayi kansu layin kwance yake ko hawa yake, idan hawa yake a hankali ne ko da gudu.

Makanikai da masu lantarki kuma sai a ƙara musu mataki ɗaya, shafin da yake rarraba jijjigar gida-gida gwargwadon saurinta. Ba wani sihiri ba ne. Moto mai fol huɗu a wutar 50 Hz yana juyawa kusan 1,470 a minti, wato kusan sau 24.5 a daƙiƙa. Idan tsinin zanen, wato inda layin ya cilla sama, ya fito a daidai 24.5 ɗin nan shi kaɗai dogo, yawanci rashin balansin ne, a bulowar buntu kuwa sau da yawa ƙura da dusa ne suka daskare a gefe ɗaya na fukafukan, a buɗe a kankare kawai sai ka ga layi ya sauko. Idan tsinin ya fi fitowa a ninki biyu, wajen 49, kuma injin yana jijjiga ta tsawon shaf, wato sandar da take juyawa, a duba alaimen na kofilin, wato ko sandar moto da ta injin sun haɗu a saiti ɗaya. Idan tsinaye ne jere a ninki ɗaya da biyu da uku da huɗu, wani abu ya kwance, a ɗauki sifana a bi notocin ƙafa. Tsini a daidai 100 Hz wanda yake ɓacewa nan take da an kashe suwic na lantarki ne, a kira mai wuta. Boris kuma can sama yake fara nunawa a jijjiga mai sauri sosai, shi ya sa dashbod da yawa suke ware masa nasa ma'aunin daban, kuma yakan tashi tun babbar lambar mm/s ba ta motsa ba.

Zafi da amfiya su ne shaidu. Moto mai insuleshan ajin F iyakar wayarsa digiri 155 ne, kuma tsohuwar ƙa'idar masu lantarki ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar insuleshan biyu, to ka ga moton da buntu ya toshe masa hanyar iska yana cin kwanakinsa ne a hankali. Idan amfiyar layi uku ba ta zo kusa da juna ba a auna boltej, bambancin da ya wuce kashi 1 cikin 100 ya fara zama abin lura, na kashi 5 kuma ba a son a ci gaba da aiki a kai. Idan jijjiga ta tashi zafi ya tashi amfiya ta tashi duk a lokaci ɗaya ba sai an yi gardama ba.

Idan alam ya shigo wa zai tashi

Wannan a rubuta shi a takarda da sunan muƙami, saboda alam ɗin da aka tura wa mutum goma babu mai zuwa, kowa yana cewa wani ya gani. Ruwan ɗorawa, ofaretan da yake duti ya je gaban injin kafin ya tashi aiki, ya duba ya saurara, ya ga ko sansan na nan daram, ko mai yana zuba, ko bel ya yi sako-sako, ya rubuta abin da ya gani ya sanar da makaniki. Ja, a kira foman nan take shi zai yanke ko a rage kaya ko a tsayar, kuma a ba shi wannan ikon da gaske, kada ya tsayar da inji da dare da safe a hau shi da faɗa.

Sannan a haɗa da tsofaffin hannu. A kusan kowane kamfani akwai dattijon makanikin da yake ɗora bakin sukudireba a gidan boris ya sa ƙotar a kunne ya ce wannan ba zai kai sati biyu ba, kuma ya yi daidai. Idan yaron da ya iya kwamfuta ya zo yana nuna masa allo kamar ya fi shi sani an gama rasa shi, kuma duk makanikan bayansa za su bi. Yadda ya kamata, yaron ya je ya ce, Baba, allon nan yana nuna wani abu a bulowa ta gefen fuli, don Allah ko za ka saurara mana? Baba ya saurara ya ce, ƙwarai akwai ƙara-ƙara, amma kafin ku ce boris ku bari in duba giris. Kunnen Baba yana aiki ne lokacin da Baba yake wurin, sansa kuma yana nan har cikin dare, idan aka haɗa su biyun sai a samu abin da ake so.

Maganar giris ma a kula, da yawa da sun ga zafi ya hau sai su ɗauko gan ɗin ɗura giris su yi ta bugawa har ya fito ta gefe, alhali yawan giris shi kansa yana sa boris zafi kuma yana fasa sil. A sa adadin da mai injin ya rubuta, kuma a san cewa bayan an sa sabon giris zafi yakan ɗan hau na wasu awanni sannan ya sauko, a rubuta a dashbod cewa an sa giris ƙarfe kaza domin na duti mai zuwa kada ya tayar da hankali.

A dawo a faɗi abin da aka samu

Wannan matakin shi ne aka fi tsallakewa kuma shi ne ran abin. Duk alam ɗin da aka bi, a rufe shi da bayani, me aka samu, me aka yi, da hoto idan da hali. Ranar da aka fara cire boris saboda dashbod ya nuna, kada a jefa shi a kwandon ƙarafa. A wanke shi da kananzir, a yanka zoben waje, a ɗora a kan benci a kira kowa. Za a ga hanyar da ƙwallayen suke bi wadda ya kamata ta yi sumul tana ƙyalli ta yi ƙananan ramuka, wani wurin ƙarfen ya ɓantare, giris ɗin da aka cire kafin wankewa ya yi baƙi da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, kowa ya sa farce ya ji kaushin da kansa, sannan a buɗe zanen layin a gefe a nuna ranar da ya fara hawa. Mutumin da ya taɓa wannan ramin da yatsansa gobe da kansa zai buɗe allon.

Alam ɗin ƙarya ma a rubuta shi a matsayin ƙarya, babu kunya. Duk ƙarshen wata injiniya ya zauna da makanikai a duba, wanne ne yake ta kuka babu dalili, a gyara iyakarsa, ko a sa sai karatu ya wuce iyaka sau uku a jere kafin ya aiko, ko a hana shi aikowa lokacin tayar da inji tunda a lokacin dole jijjiga da amfiya su yi tsalle. Wayar da take ƙara sau ashirin a dare kashe mata murya za a yi, ranar da na gaskiya ya zo babu mai ji.

Kada a mayar da shi ɗan leƙen asiri

Ina roƙon manajoji a kan wannan. Dashbod yana nuna ƙarfe nawa inji ya tsaya da ƙarfe nawa ya tashi, to akwai jarabar a ɗauke shi a riƙa yanke wa mutane albashi ko a ce waye yake duti lokacin da zafi ya hau. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, daga nan za a fara ganin sansa yana faɗuwa da kansa, bayanan duti kuma su koma lafiya lau lafiya lau kullum. A faɗa a gaban kowa cewa na lafiyar inji ne, a kuma cika alkawarin. Wanda ya hango matsala da wuri a ambaci sunansa a taron safe. A kuma amsa tambayar da take zuciyar makanikai ko ba su furta ba, cewa ko wannan abin zai ci aikinsu, gaskiyar ita ce allo ba ya kwance noti, abin da zai ragu shi ne kiran tsakar dare da kwana a gindin inji.

Allon kuma a sa shi inda ake aiki, a wokshof ko bakin ɗakin kwantirol, babba wanda za a gani daga nesa, kada ya zauna a ofishin sama. Bayani a yi shi da Hausa ga wanda Hausa ta fi masa sauƙi, wanda rubutu yake masa wuya ya aiko da murya a guruf ɗin WhatsApp na gyara wani ya shigar masa. Lokacin canjin duti a ware minti goma, mai tashi da mai karɓa su tsaya gaban allon tare, me ya canza tun jiya, me ake sa wa ido.

Sito da ranar gyara

Hangowa ba ta da amfani idan babu kayan. Da an ga layin boris ya fara hawa a ranar za a duba lambarsa a tambayi mai sito, idan babu a yi oda tun da sauran lokaci daga dila amintacce, domin jabun boris sun cika kasuwa da kwali mai kyau da suna mai kyau, kuma wanda aka sayo cikin gaggawa inji na tsaye shi ne aka fi faɗawa hannunsu. Sai a zaɓi lokacin da tsayawa ba za ta yi ciwo ba, ranar da dama ake wanke layi, ko kafin kakar shanshera ta shigo a Oktoba da Nuwamba lokacin da babu mai yarda a kashe inji ko na awa ɗaya. Kafin ranar a ƙara yawan ɗaukar karatu a kan wannan injin, idan sau huɗu yake aikowa a rana a mayar da shi duk awa, batirin sansan zai ɗan ci amma ya fi.

Bayan an gyara a mayar da sansa daidai inda yake da, fuskarsa ta kalli inda take kallo, a tayar da injin da kaya a kai a duba karatu a ranar. Idan bai sauko ba to aikin bai ƙare ba, ko alaimen bai zauna ba ko an buga boris ɗin da guduma wajen sawa an ji masa ciwo tun yana sabo, a sake buɗewa tun makanikin bai tafi gida ba. Idan ya sauko, a rubuta ranar da lambar boris da sunan wanda ya yi aikin, a ɗauki karatun satin nan a matsayin sabon ma'aunin injin.